Hanyar Zakuma da Wahalar Zuwa Ganin Giwa



Duk yaron da aka kai makarantar allo a ƙasar Hausa, ba ya daɗewa zai iso Suratul Fil, ya haddace ta tun bai iya ɗaura wandonsa da kyau ba. In ya girma ya ji maroƙa suna kiran sarki toron giwa, ya ji tsofaffi suna cewa giwa a garin wani zomo ce. Sunanta kullum yana bakinmu. Amma shiga kasuwar Kurmi ko babbar kasuwar Maraɗi ka tambayi jama'a wa ya taɓa ganin giwa a dajinta, ba ta gidan zu ba, ba ta talabijin ba, za ka sha yawo kafin ka sami mai amsa maka. A yau kan wannan zan yi sharhi: mutanen da suke ɗaukar ƙafa su bi muguwar hanya takanas don su ga giwa, abin da suke tararwa, da kuma wata magana da ake yawan yi a kan wannan hanyar wadda ni ban yarda da ita ba.

Da can ba sai an yi nisa ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya rubuta cewa a 1851 ya ga garken giwaye 96 a gaɓar tafkin Cadi yana kan hanyarsa ta zuwa Kanem. A wannan ƙarnin ayarin fatake yana tashi daga Kano da hauren giwa da gashin jimina da jemammun fatu ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Yau kuwa ƙiyasin da ake yi shi ne giwayen da suka rage a Najeriya gaba ɗayanta ba su wuce 300 zuwa 400 ba, har da na kurmin kudu. Saboda haka mai son ya ga garke na ɗaruruwa a wuri guda, wurin da ya fi cancanta ya nufa a wannan yanki namu shi ne gandun dajin Zakuma da ke kudu maso gabashin Cadi, kusa da garin Am Timan.

To, bari mu hau hanya.

Wanda ya taso daga Kano ta ƙasa zai bi ta Maiduguri, Dikwa, Gamborun Ngala, ya tsallaka Fotokol a Kamaru, ya isa Kuseri, sannan ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke wannan hanyar ba a shigarta da ka, sai an tambayi halin da ake ciki, kuma da yawa sun gwammace su biya kuɗin jirgi zuwa Njamena. Daga nan ne ainihin tafiyar take farawa, wajen kilomita 800. Rabin farko da sauƙi. Akwai kwalta daga Njamena ta Masaget, Ngura, Bokoro, Bitkin, har Mongo. Wani ɓangare na wannan hanyar ta gabas ita ce kakanninmu suka bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka, su ratsa Abeshe su shiga Darfur, wasu su shekara bakwai ba su dawo ba, wasu su yada zango su hayayyafa a can. Shi ya sa in an tsaya shan shayi a wata tasha, kada ka yi mamaki in mai shayin ya amsa maka da Hausa. Mai tafiya a cikin Land Cruiser da ruwan sanyi a gefensa ya kamata ya rage ƙorafi a wannan yankin.

In an doshi Bitkin da Mongo ƙasa takan sauya. Bayan doguwar shimfiɗa wadda ido ba ya samun abin kamawa, sai ga duwatsun Gera sun taso, jajaye da yamma, ƙauyukan Hajarai a gindinsu. Direba mai hankali a Mongo yake kwana. A nan zai cika tanki da jarkoki, ya duba safaya, in da hali ya ƙara ta biyu, ya tabbatar jak yana aiki, domin daga nan an yi sallama da kwalta. Hanyar da ta yi kudu ta Abu Deya burji ce a wani wurin, yashi a wani wurin, baƙar laka busasshiya a wani wurin.

Abin da ya fi gallabar matafiyi ba ramuka ba ne. Rami kana ganinsa, direba ya kauce ko ya lallaɓa. Gargada ce matsalar, waɗannan ƙananan kunyoyi da tayoyin manyan motoci suke yi wa burji. In direba ya tafi a hankali, motar ta riƙa karkaɗa ku kamar ana tankaɗe gari a rariya. In ya taka wuta don ya bi ta samansu, sai motar ta riƙa yawo, sitiyari ya daina jin magana, kuma a nan ne ake kifewa. Ƙura kuwa ko an rufe gilashi sai ta san inda ta shigo, ta shiga hanci, ta shiga jaka, ta shiga burodin da aka ƙulle a leda. Ga zafi. Lokacin da ya fi dacewa a ga namun daji a Zakuma shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ya janye dabbobi suka taru a 'yan tafkunan da suka rage, kuma a daidai lokacin ne zafin rana yake haura digiri 40. Wato lokacin da ya fi kyau ga ido shi ne ya fi muni ga jiki. Sai shingayen jandarmomi, kowanne a sauko da takardu, a gaisa, a jira. Sai faci, wanda ba ya tashi faruwa sai inda babu inuwa.

Duk wannan fa a rani ke nan. Da damina babu ma zancen tafiya. Daga wajen Yuni zuwa Oktoba ruwa yakan malale yankin Salamat, inda Am Timan yake, baƙar lakar nan ta jiƙe ta zama taɓon da ko babbar mota ta shiga sai ta kafe har gindi. Mutanen Borno sun san irin wannan ƙasar, ita ce ake dasa masakwa a kanta in ruwa ya ja baya, kuma Salamat ma da wannan dawar ta rani ta yi suna. Garin Am Timan kansa yakan yi watanni kusan a yanke. Gandun yakan rufe ƙofarsa ga baƙi sai bayan damina.

Yanzu ga maganar da na ce ban yarda da ita ba. Sau da yawa in matafiya suka dawo, musamman masu zuwa daga Turai, har da wasu 'yan bokonmu, sai ka ji suna cewa gara a bar hanyar yadda take. Wai munin hanyar ne ya kare dajin, wai da an shimfiɗa kwalta da tuni an cinye giwayen. Magana ce mai daɗin ji, kuma tana sa wanda ya sha gargada ya ji wahalarsa ta zama ibada. Sai dai tarihin Zakuma kansa ya ƙaryata ta.

An ayyana Zakuma a matsayin gandun ƙasa a 1963, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 3,000. A 2002 giwayensa sun haura 4,000. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2005 ta sami 3,885. Shekara guda bayan nan, 3,020. Zuwa 2010 abin da ya rage bai wuce 450 ba. Ku lissafa da kanku, masu sauraro: cikin shekara takwas, kusan tara cikin kowace goma sun tafi. A duk waɗannan shekarun hanyar tana nan da muninta, ba wanda ya zuba mata kwalta.

Su waye suka kashe su? Mahaya dawaki ne, akasarinsu daga wajen Darfur, ɗauke da bindigogin yaƙi, raƙuma na biye da su don dakon haure. Mai doki ba ruwansa da gargada, ba ya neman gidan mai, ba ya tsayawa a shingen jandarma. Kuma sun san abin da giwa take yi da damina: in ruwa ya cika gandun, garken yakan fita ya yi arewa ko yamma, ya wuce iyakar da doka ta shata. A daidai lokacin kuwa motocin masu gadin daji sun kafe, ma'aikata da yawa sun janye sai ruwa ya ɗauke. Munin hanya ya tare mai gadi, ya tare ɗan yawon buɗe ido, ya tare ɗan jarida da zai ba da labari, ya tare likita da malamin makaranta da ya kamata su isa ƙauyukan yankin. Mutum ɗaya ne bai tare ba, shi ne wanda ya zo kisa.

Irin wannan ta faru a maƙwabta. A farkon 2012 mahaya dawaki suka shiga gandun Buba Njida a arewacin Kamaru suka yi makonni suna kisa, suka hallaka ɗaruruwan giwaye kafin sojoji su iso. Shi ma wurin ba kusa da kwalta yake ba.

Abin da ya juya al'amarin Zakuma ya fara ne a 2010, da gwamnatin Cadi ta damƙa tafiyar da gandun ga wata ƙungiya mai suna African Parks. Babban abin da suka sauya ba wani abin al'ajabi ba ne: sun daina tashi da damina. Aka tara abinci da mai tun rani, aka share filayen saukar ƙananan jirage a wuraren da giwaye suke zuwa, aka ɗaura wa wasu giwaye wuyan na'ura mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka kafa ɗakin rediyo da ba ya barci dare da rana. Masu gadi suka koma kan dawaki, tunda abokin gaba ma a kan doki yake. Aka kuma raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba, domin wanda ya ga baƙin mahaya ya sanar. Wannan na ƙarshe ya yi aiki ne saboda mahayan nan ba giwa kaɗai suke cuta ba, suna ƙwace wa talakawa abinci da dabbobi, don haka mutanen ƙauye suna da nasu dalilin na kai rahoto.

Ba a banza aka samu ba. A damina ta 2012, masu gadi suka kai samame sansanin mafarauta a wani wuri da ake kira Heban, arewa da gandun, suka ƙwace harsasai da wayoyi da kayan dawaki. Bayan 'yan makonni, a farkon Satumba, mafarautan suka dawo ɗaukar fansa. Suka lallaɓo da asuba, suka buɗe wuta a kan masu gadin suna cikin sallah. Aka kashe biyar nan take, na shida ba a sake ganinsa ba. Mai dafa musu abinci ne ya tsira da rauni, ya taka a ƙafa har ya kai labari. Allah ya jiƙansu. Duk wanda zai ba da labarin irin wuyar da ya sha a mota kafin ya ga giwar Zakuma, ya fara tuna waɗannan mutanen tukuna. Shi kwana biyu ya yi a hanya da kuɗinsa da son ransa. Su a ƙarshen hanyar suke zaune, da albashin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani abu da ya faru da giwayen kansu wanda ya fi lissafin gawa ban tausayi. Saboda tsananin firgita, ragowar suka haɗe suka zama garke ɗaya tak, suna gudu tare, kuma suka kusan daina haihuwa. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma takan yi shekara huɗu ko biyar tsakanin haihuwa da haihuwa, to ina natsuwar yin haka ga dabbar da ake kora kullum? A 2011 ɗan giwa ɗaya kacal aka ƙirga wanda bai kai shekara biyar ba. A 2018 aka ƙirga 127. Daga baya jimillar garken ta haura 600. A Fabrairun 2014, a bikin cikar gandun shekara 50, Shugaba Idris Deby ya cinna wa tarin hauren giwa sama da tan guda wuta a Goz Jarat, ƙofar shiga gandun. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, amma doka a takarda ba ta taɓa tsayar da mai doki ba sai da aka sami wanda zai kwana a dajin.

To, ka sha gargada, ka isa, ka sauke kaya a sansanin baƙi na Tinga. Za ka ga giwa?

Ba lalle ba. Wannan ne abin da ba a cika gaya wa mutane ba. Abin da za ka fara gani shi ne raƙuman dawa, domin kaso mai yawa na irin raƙumin dawan Kordofan da ya rage a duniya a Zakuma yake. Za ka ga ɓauna dubbai, waɗanda a tsakiyar shekarun 1980 ba su fi ɗari biyu da 'yan kai ba. Za ka ga gwanki da kanki, ka ga zaki kwance a inuwa ya ƙoshi. A fadamar Rigek za ka ga gauraki da dinya sun rufe bakin ruwa, da yamma kuma tsuntsayen jan-baki su taso miliyoyi har su dusashe hasken rana, abin da manomin gero zai kalla da wani irin ido daban da na Bature. Amma babban garken giwa yakan shige cikin ƙungurmin dajin ƙaya ya yi zamansa. Waɗanda suka tsira daga shekarun kisa ba su manta ba. In iska ta kai musu warin mutum ko ƙarar inji, sai su dunƙule, 'ya'ya a tsakiya, su ɓace. Dabbar da namijinta yake kai tan biyar ko shida, tana iya tsayawa taku hamsin daga inda kake ba ka gan ta ba.

Don haka ganinta aikin haƙuri ne da bin umarnin ɗan jagora. Shi ne zai sauka ya duba sawu, ya tsaga kashinta da sanda ya ga ko da ɗumi, ya dubi reshen da aka karya ko ruwansa bai bushe ba. Zai ɗebi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska take kaɗawa, ya zagaya da ku ta inda warinku ba zai isa gare su ba. In ya ce a yi shiru, a yi shiru. Kafin ka gan su za ka ji su: ƙarar rassa suna karyewa, da wani gurnani mai zurfi da kake ji a ƙirjinka fiye da kunnenka. Sannan ƙura ta tashi, sannan ka fahimci cewa abin da ka ɗauka inuwar itatuwa ce tana motsi. Wani ya samu a fitar farko. Wani ya yi kwanaki ya koma da hoton sawu kawai. Babu wanda za ka kai ƙara.

Abin dariya kuma, bayan duk wannan fama, akwai wasu toraye da suka saba zuwa hedkwatar gandun da rana tsaka su sha ruwa daga tiyo a hannun ma'aikata. Giwar da 'yan'uwanta suka ƙare a hannun mutum, ga ta ta miƙo hannunta mutum yana zuba mata ruwa. Wasu matafiyan suna raina wannan, wai ba ganin daji ba ne. Ni kuwa ina ganin in kana son shaidar cewa wuri ya sami lafiya, wannan ta fi duk wani jadawali.

Mu dawo gida. Mai sauraro a Bauci ko Gombe zai ce, Malam, me ya kai mu Cadi ga Yankari a ƙofar gida? Gaskiyarsa. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Hanyarsa in aka gwada da ta Zakuma shan iska ce: ka bar Bauci ta hanyar Gombe, ka karkata a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, sannan kilomita 40 da 'yan kai zuwa sansanin Wikki. Ana iya karya kumallo a Bauci a yi azahar a bakin ruwan ɗumin Wikki. A 2006 an ƙirga giwaye 348 a nan. Yanzu ƙiyasin bai wuce 100 zuwa 150 ba, duk da haka yana cikin manyan garkunan da suka rage mana.

Masu cewa kwalta ce take kashe giwa za su ce ga shaida. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. A 2014 gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don ta taimaka wajen sintiri. Aka riƙa biyan masu gadi alawus ɗin kwana a daji, aka ba su abinci da kayan aiki, aka sa wa wasu giwaye wuyan na'ura. Daga tsakiyar 2015 aka shafe shekaru ba a sami gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. Kwaltar Dindima tana nan ba a kankare ta ba. A Cadi hanya ba kyau aka kashe, a Bauci hanya da kyau aka kashe, kuma a wuraren biyu kisan ya tsaya ne sa'ad da aka sami masu gadi da ake biya a kan lokaci, ake kuma sa musu ido.

Matsalar baƙon Yankari daban ce. Saboda hanya ta yi sauƙi, sai ya zo da gaggawa. A shigo da motoci da kiɗa, a yi wanka a Wikki, a yi faɗa da birai da suka sace leda, a shiga motar zagaya ta awa biyu da rana tsaka, a ga gadu da gwambaza, a dawo ana cewa ai babu giwa a Yankari, ƙarya ake yi. Alhali giwa ba ta fitowa don an sayi tikiti. Mai son ganinta ya zo a ƙarshen rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma dabbobi suka dogara da kogin Gaji. Ya kwana biyu ko uku, ya fita da sassafe da kuma la'asar sakaliya, ya jure cizon ƙudan tsando, ya bar ɗan jagora ya yi aikinsa. A nan kaɗai nake ganin muguwar hanya tana da wani amfani: wanda ya sha wuya kafin ya iso ba ya gaggawar juyawa.

Akwai kuma mutumin da giwa take zuwa wurinsa ba tare da ya taka ko'ina ba, shi ne manomin da gonarsa take bakin gandu. Giwa babba tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini. In garke ya faɗa gonar masara ko dawa da dare, kafin gari ya waye aikin damina guda ya tafi. Kada wanda ya zo daga birni da kyamara ya yi wa wannan mutumin wa'azin son dabbobi. A kewayen Yankari an ɗauki wasu mutanen ƙauyuka aikin lura da motsin giwaye, suna buga waya in garke ya doso gonaki don masu gadi su zo su kora. A Kenya an gwada jera amyar zuma a gefen gona, domin giwa tana tsoron ƙudan zuma, kuma manomi ya sami zumar sayarwa. Dabaru ne masu kyau, amma ba su maye gurbin diyya ba. In gwamnati ta ce giwa dukiyar ƙasa ce, to ɓarnar da dukiyar ƙasa ta yi bai kamata ta zauna a wuyan talaka ɗaya ba. Kuma wannan manomin yana da haƙƙin hanya mai kyau da zai kai amfaninsa kasuwa, ya kai matarsa asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Wanda yake roƙon a bar hanyar Salamat a lalace don dajin ya ci gaba da burge shi, ba shi ne zai ɗauki mai naƙuda a amalanke ba.

Wani abin da Zakuma ya yi wanda ya kamata hukumomin Yankari su duba shi ne sansanin da aka ware wa 'yan ƙasa, inda 'yan makaranta da mutanen ƙauyukan kewaye suke zuwa su ga dajin ba tare da an caje su kuɗin Turawa ba. Dubban 'yan Cadi sun shiga ta wannan hanyar. Yaron Am Timan da ya ga giwa da idonsa yana ɗan shekara goma sha biyu, gobe shi ne jandarma, shi ne alƙali, shi ne ɗan majalisar da za a kawo wa kasafin gandun. Yara nawa ne a Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari yake cikinta, aka taɓa kai su bakin Gaji?

Ga mai niyyar tafiya kuma, kalma biyu a kan tsaro, domin yanzu shi ne babban shingen, ya fi gargada. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya jim kaɗan bayan sun fito daga gandun Waza a Kamaru, kuma tun daga nan baƙi suka ƙaurace wa wurin. Gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, 'yan bindiga sun yi sansani a sassansa. Giwayen Gurma na Mali, waɗanda suke zagaye mai nisa kowace shekara tsakanin tafkin Banzena da iyakar Burkina, tun 2012 ba mai zuwa kallonsu. Don haka kafin ka ɗaura kaya ka tuntuɓi hukumar gandun da kanta, ba direban tasha ba. Kada a yi tafiyar dare. A tafi da mota biyu in da hali, da ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da katin rigakafin shawara domin za a tambaya a kan iyaka. Wanda zai je Zakuma ya sa ransa tsakanin Disamba da Afrilu. Wanda aljihunsa bai kai Cadi ba, motar Alkaleri tana lodi a Bauci kullum.